Ku Tambayi Likita: Ranar da malaman jinya ke yajin aiki

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara uku yana kwance da zazzaɓin cizon sauro, ga shi ana cewa malaman jinya za su shiga yajin kwana uku. Shin rufe likita ake yi? In ɗauke shi in koma gida? Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Hajiya, kada ki ɗauke shi. Ko ana yaji, akan bar ma'aikata kaɗan a ɗakin gaggawa, ɗakin haihuwa da wajen masu kwanciya. Abin da ke tsayawa shi ne awon ciki, rigakafi, wankin ciwo da ganin marasa lafiya na yau da kullum.

Inda matsalar take shi ne lokacin magani. Allurar artesunate da ake yi wa mai zazzaɓi mai tsanani tana da ƙa'ida: ta farko, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24, daga nan sau ɗaya a rana har yaro ya iya haɗiyar ƙwaya ta kwana uku. Malami ɗaya a kan ɗaki cike, balle daga Yuli zuwa Oktoba da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, dole wata allura ta makara. To ki sa a rubuta miki lokacin kowace allura, in ya yi ki je ki tuna masa cikin ladabi. Ki lura da ƙarin ruwa: in ya daina ɗiga ko hannun ya kumbura, mai yiwuwa allurar ƙarin ruwan ta fita daga jijiya, ki kira a rufe. Kada ki taɓa maɓallin da kanki. Jijjiga, fitsari baƙi, tafin hannu ya yi fari fat, numfashi sama-sama ko ƙin shan komai, waɗannan ba a jiran safiya da su.

Tambaya: Ba rashin imani ba ne su bar majinyata? Daga wani dattijo a Tibiri.

Amsa: Baba, kukansu sananne ne: ƙarancin ma'aikata, jinkirin biyan ƴan kwantaragi, kuɗin kwanan aiki, da rashin safar hannu da sauran kayan aiki. Tun 2006 kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a Nijar, amma in kuɗin gwamnati ya makara, magani yakan yanke, malamin jinya ne kuma ke shan zagi. Sukan ba da sanarwa kafin yaji. Mai shan maganin tarin fuka, na sida ko allurar ciwon suga ya je ya karɓi nasa tun a kwanakin sanarwar.