Ya ce ba ki cancanci riƙon 'ya'yanki ba: abin da alƙali zai duba

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Marusa, Katsina, ta rubuto: "Barista, aurena ya mutu bara, na koma gidanmu da yara biyu, namiji ɗan shekara 8 da mace 'yar shekara 4. Ina ɗinki a shago, in na fita da safe sai la'asar. Yanzu ubansu ya kai ni kotu, wai namijin ya wuce shekara 7, kuma wai ba na zaman gida balle in ba su tarbiyya. Ga wani yana nemana da aure. Wallahi barci ya ƙaurace mini."

'Yar'uwa, Allah ya kawo miki sauƙi. Ki fara kwantar da hankalinki da wannan: haƙƙin reno a hannunki yake, shi ne mai neman a karɓe. Kotunan Shari'a na Katsina da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa bayan saki reno na uwa ne, namiji sai ya balaga, mace sai ta yi aure ta tare. Maganar shekara 7 ta wasu mazhabobi ce, ta daɗe a bakin mutane har suka ɗauka ita ce hukuncinmu. Wannan hujjar tasa ba za ta yi nisa ba.

Ta biyun ce take buƙatar shiri. Mukhtasar, wani babban littafin fiƙihun Malikiyya, ya jera sharuɗɗan mai reno: hankali, iya ɗawainiyar yaro, amana, iya tattalin dukiya, rashin cuta mai tsanani da za ta cutar da yaron, da wurin zama mai tsaro, musamman ga 'ya mace da ta fara tasawa. A kan amana ya ce mai renon ce za ta tabbatar in an yi jayayya, ko da yake wasu masu sharhi na ganin wanda ya yi zargi ne zai kawo hujja. Ni dai shawarata, ki shirya kamar nauyin a wuyanki yake.

Sana'a ba laifi ba ce. Abin da alƙali yake son ji shi ne, daga fitarki zuwa la'asar, yaran nan suna hannun wa? Ki amsa masa dalla-dalla: wa ke kai su makaranta, wa ke ɗauko su, ƙarfe nawa suke tafiya Islamiyya, wa ke ba su abincin rana. In mahaifiyarki ce, ki faɗa, hakan ƙarfi ne gare ki, don ita ce ta biyu a jerin masu haƙƙin reno. Ki tattara sakamakon jarrabawa, rasit na kuɗin makaranta, katin asibiti da na rigakafi. Kar ki raina ko da guntun takarda. Na sha ganin uwar da ta yi shekaru tana wahala da yara ita kaɗai, ta zo gaban alƙali ba abin da ta riƙo sai hawaye, kuma abin yana ci mini rai, don gaskiyarta a fili take amma ba a rubuta hukunci da hawaye.

Sai shaidu, kuma nan mata da yawa suke tuntuɓe. Shaidar iyaye ga 'yarsu ba ta karɓuwa, saboda haka Baba da Inna ba za su tsaya miki ba, duk da sun fi kowa sani. Ki nemi maza biyu masu mutunci waɗanda suke ganin yaran da idonsu: malamin Islamiyyarsu, limamin unguwa, maƙwabcin da kuka daɗe tare. Wanda zai ce "na ga yaron yana zuwa karatu kullum, fes da shi" ya fi mutum goma masu cewa ke mutuniyar kirki ce. In shi ya kawo nasa shaidun, kina da damar sukarsu, musamman in akwai tsohuwar gaba tsakaninku ko kuma jita-jita kawai suka kwaso. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambaye ki ko kina da sauran magana. Kar kunya ta sa ki ce babu alhali akwai.

Ki guji ɓata shi a kotu. Na san akwai abin faɗa, amma ba shari'ar aurenku ake yi ba. Kuma kar ki hana shi ganin 'ya'yansa, don shi ne waliyyinsu, yana da ta cewa a karatunsu da tarbiyyarsu. Ci da sha da sutura da maganinsu kuwa a kansa suke ko da suna hannunki. In ya daina bayarwa, ki nemi kotu ta yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk wata gwargwadon ƙarfinsa, kar ya mayar da talaucin da ya jefa ki ciki hujja a kanki.

Batun manemin nan shi ne ya fi nauyi, kuma ba zan ɓoye miki ba. In kika auri wanda ba muharramin yaran ba kuma kika tare, haƙƙinki ya faɗi, sai dai a wasu yanayi, kamar in wanda ke biye miki a haƙƙin reno ya sani ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba. Amma faɗuwarsa ba ta nufin yaran sun koma gidan uba. Mahaifiyarki ce ke biye, sannan 'yar'uwarki, wato innarsu, muddin sun cika sharuɗɗan. Abin lura, a mashahurin zancen mazhaba, renon da ya faɗi saboda aure ba ya dawowa ko da auren ya mutu daga baya. Haka nan in kika sallama da kanki ba uzuri. Don haka kar ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a wata takardar sulhu, ko a gaban mai unguwa ne, sai wanda ya san shari'a ya karanta miki ita. In kuma hul'i kika yi, wato kika fanshi kanki daga auren, ki duba takardar ko an sa sharaɗin barin yara a ciki.

In hukunci bai yi miki daɗi ba, akwai ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumin irin wannan shari'a. Wa'adin ɗaukakawa gajere ne, ki nemi kwafin hukuncin a ranar da aka yanke. In kuɗin lauya ya gagara, ki je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ranar zama kuma ki je da wuri, da takardunki da shaidunki, kar ki fasa ko sau ɗaya.