Ajin Share Fage ga 'Ya'yan Masu Ƙaramin Ƙarfi

Tambaya: Malam, ɗana ya cika shekara 5, mahaifinsa leburanci yake yi, kuɗin makarantar nazare mai zaman kanta kuwa ya fi ƙarfinmu. Shin gwamnati ta yi wa irinsa wani tanadi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Malama, ta yi. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ta sanya renon ƙananan yara da karatunsu cikin ilimin tushe, sannan manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ware shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, kyauta, a makarantun firamare na gwamnati.

Ki je wurin hedimastan firamaren unguwarku da takardar haihuwar yaron. Idan babu wannan aji a can, abin da ke faruwa a wurare da yawa saboda ƙarancin ɗakuna da malamai, ku haɗa kai da sauran iyaye ku kai kuka ga kwamitin kula da makarantar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, domin ta hannunsu buƙatar ke isa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

Ina roƙonki kada ki raina ajin don kin ga wasa da waƙa sun yi yawa a cikinsa. Ta nan yaro ke koyon riƙe fensir, da ƙirga, da sauraron malama, da zama cikin tsara, kuma ɗan da babu littafi a gidansu ya fi kowa buƙatar wannan shekarar.