Sauri Ya Haifi Nawa: Tambaya Ce Ko Labari?

Wani ɗan'uwa ma'aikaci da ke zaune a Mararaba ya rubuto cewa kullum yakan bar gida da asuba don ya tsere wa cunkoson motoci na Nyanya, ya isa ofis a gajiye tun bai fara aiki ba. Ya ce ranar nan ya manta makullin ofis a gida saboda hanzari, sai wani dattijo ya ce masa "sauri ya haifi nawa." Yana tambaya: 'ya'ya nawa ake nufi saurin ya haifa?

Malam, dattijon ba tambayarka ya yi ba, labari ya ba ka. Rubutun boko ne ya rikita ka, domin ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum. Kalmomi uku ne muke rubutawa iri ɗaya. Akwai nawa ta tambaya, kamar "nawa ne kuɗin mota zuwa Wuse?", inda murya ke farawa sama ta sauko. Akwai nawa ta mallaka, wadda ake jan "na" ɗinta. Ta ukun ita ce ta karin maganar nan: murya ta fara ƙasa, ta hau, a ja "wa". Ma'anarta jinkiri, kamar yadda uwa kan ce wa yaro "ka cika nawa." Wato sauri uba ne, ɗan da ya haifa kuwa jinkiri. Kai shaida ne, tunda sai da ka sake bin hanyar Keffi sau biyu saboda makulli.

Wata baiwar Allah malamar makaranta daga Kubwa ta ce likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, ya shawarce ta da ta riƙa natsuwa. Ita kuwa tana ganin a Abuja mai natsuwa baya za a bar shi. Ta tambaya ko natsuwa da sanyin jiki ba abu ɗaya ba ne.

Allah ya ƙara lafiya, Malama. Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ruɗani yana damuna ƙwarai, don ina ganin yadda yake cinye mutane. A fahimtata, natsu 'yar gida ɗaya ce da nutse da nutsa, shi ya sa wasu ke cewa nitsuwa ko nutsuwa. Ki ɗebo ruwan rafi a tulu ki ajiye. Ba ki tace ba, ba ki ƙara masa komai ba, amma bayan ɗan lokaci laka ta nutse ƙasa, ruwa ya yi garau. Haka mutum yake idan ya natsu. Mai sanyin jiki ba ya son motsi. Mai natsuwa kuwa yana iya yin aikin mutum biyu, sai dai hankalinsa yana wurin abin da hannunsa ke yi.

Ki duba yadda Bahaushe ke magana a kan hankali, kamar wata dabba ce da yake kiwo. Hankali yakan tashi, yakan kwanta, yakan rabu, yakan gushe, ana tattara shi, ana mayar da shi. Kalmar daga Larabci muka aro ta, daga "aƙal", kuma daga saiwarta ce Larabawa suka sami sunan igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi. Wadda ke cin tuwo tana duba WhatsApp, kunnenta na wurin labarai, zuciyarta na lissafin kuɗin haya, ta kwance dabaibayin ke nan. Jikinta na Kubwa, hankalinta ya watsu wuri huɗu.

Abin da ya fi burge ni shi ne mun san kalmar nan tun muna makarantar allo. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san natsuwa tana cikin farillan salla: gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi salla da gaggawa, Annabi (SAW) ya ce ya koma ya sake, domin bai yi salla ba, har sau uku. Ashe sau biyar a yini ana koya mana abin da likitanki ya faɗa. Ki fara daga nan, Malama. Sannan ki ware cin abinci ɗaya a rana da za ki ci ba waya a hannu, maganin da ya rubuta miki kuma kada ki bari.

Wani matashi ɗan kasuwar Wuse kuma ya ce ya ji ana cewa "sannu ba ta hana zuwa," yana son ya san ko akwai ci gaba. Akwai, samari: "sai dai a daɗe ba a je ba." Mutane kan yanke wannan rabin, ni kuwa na fi son a faɗe shi duka, don magabata ba su ɓoye cewa tafiyar sannu tana da farashi ba. Sun auna ne suka ga daɗewar ta fi sauƙi a kan abin da garaje ke jawowa, shi ya sa idan ka ce za ka kama hanyar Kaduna, tsohuwarka ba ta cewa ka yi sauri, sai ta ce ka tafi a hankali, Allah ya kiyaye hanya.