Tambayi Likita: Ta ina zan fara bincike?

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni likita ce mai neman ƙwarewa a ɓangaren yara. Na ci jarabawar mataki na ɗaya, ga kundin bincike a gabana, kuma ba ni da mai yi mini jagora. Yaya zan yi?
Wata likita daga Zariya

AMSA: Ƙanwata, Allah ya sa albarka. Ko kwalejin ƙwararrun likitoci ta Najeriya kike bi, ko ta Afirka ta Yamma, kundin nan ba makawa kafin ki kammala mataki na biyu.

Ki ɗauko tambayarki daga ɗakin da kike kwana a aiki: jarirai masu shawara da ake kawowa a makare, ko masu tamowa da ke dawowa bayan sallama. Tambaya ɗaya, ƙarama. Sannan ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku kafin ki taɓa fayil ko guda.

Batun jagora kuwa, kada girman suna ya ruɗe ki. Farfesan da kullum yana taro a Abuja ba zai karanta rubutunki ba; nemi wanda ya wallafa aiki kwanan nan, mai amsa waya. Ki je masa da shafi ɗaya a rubuce, ku tsayar da ranar haɗuwa duk wata, ku yanke maganar jerin sunayen marubuta tun farko, don nan ake yawan ɓatawa.

Don ki ga misalin bincike, ki karanta wanda ake kira SPRING, da aka yi a Kano da Kaduna kan kare yara masu amosanin jini daga shanyewar ɓarin jiki da maganin hydroxyurea. Lissafin alƙaluma kuma, ki ga masaninsa kafin tattara bayanai.