Ina da ciki, zan iya zaman jiran Mama a ƙofar ɗakin gashi?

Tambaya: Salam malam, ni 'yar Garwa ce, mun kawo Mamana Duwala ana mata gashin ciwon daji na nono, kullum ni ke rakata in zauna kan benci a waje, ga ni da ciki wata 5. Wata ta ce min wai hasken na ratsa bango ya taɓa ɗan ciki, kuma in Mama ta fito kar ta ɗauki jikoki. Dan Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Ni aikina kenan awon wannan hasken a asibiti, to ki kwantar da hankalinki.

Eh hasken ba duka ke tsayawa kan ƙarin ba, wani na fantsama daga jikin mara lafiya, wani ɗan kaɗan na yoyowa daga kan injin. Shi ya sa ɗakin ba irin ginin gida ba ne, bangon da haske ke fuskanta kankare ne zalla mai kaurin kusan mita 2, hanyar shiga kuma an lanƙwasa ta, ki lura gobe za ki ga sai an yi kwana kafin a kai ga gadon, saboda hasken a miƙe yake tafiya, duk karon da ya yi da bango ƙarfinsa raguwa yake.

Kuma ba a yarda da ginin haka kawai sai an auna. Kafin a fara kwantar da mutum ana kunna injin da duk ƙarfinsa, a juya kansa ya kalli bango ɗaya bayan ɗaya, a sa tankin ruwa a madadin jikin mutum don ya fantsama kamar yadda zai yi da gaske, mu kuma muna waje da na'urar awo muna bi lungu lungu, bakin ƙofa, teburin ma'aikata, inda bututu da wayoyi suka ratsa bango, har saman rufi, domin ta irin waɗannan kafofin matsala ta fi ɓullowa. Ƙa'idar duniya ita ce hasken da ma'aikaci ke samu kar ya wuce milisibat 20 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin yawan hasken da ya shiga jikin mutum), wanda ba ma'aikaci ba irinki milisibat 1. Kin ga kuwa ɗan Adam a matsakaici yana samun wajen milisibat 2 zuwa 3 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska ko bai taɓa taka asibiti ba. Wancan ɗan bajon da kike gani a ƙirjin ma'aikata shi ma awo yake yi.

Saboda haka bencin jira ba komai, amma ki faɗa musu kina da ciki, kuma cikin ɗakin kam kar ki shiga ko da don ki taya ta kwanciya ne, ki bar wa ma'aikata. Injin kala biyu ne, mai lantarki in an kashe shi shikenan, mai kobalt kuwa, wato wani ƙarfe mai fitar da haske da kansa, ƙwayar da ke cikinsa ba ta daina fitar da haske, rufe ta kawai ake yi.

Maganar jikoki ita ta fi damuna wallahi, don na sha ganin tsofaffi an ware musu kwano da tabarma a kan wannan jita-jitar, ga ciwo ga kaɗaici. Gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jiki, Mama na fitowa ki rungume ta, ku ci tuwo kwano ɗaya, ta goya jikanta. Inda ake cewa a ɗan nisanci yara da masu ciki shi ne wanda aka ba maganin aidin mai haske ya sha don ciwon maƙoshi, ko aka dasa masa ƙwayar haske a jiki, su ma na ɗan lokaci ne kuma likita zai faɗi kwana nawa. Ki tambayi likitanta gobe ya tabbatar miki nata na waje ne kaɗai.