Tambaya da Amsa: Na san kalmomin Turanci amma na kasa haɗa jimla

Assalamu alaikum masu karatu, sannunmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru kan abu ɗaya, wato haɗa jimla da Turanci, sai na zaɓo uku a ciki.

TAMBAYA: Salam Malama, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce, na bar karatu tun ina ƙarama, yanzu ne na dawo ina koyon Turanci a waya. Kalmomi kam na haddace su da yawa, in ana magana ma ina ɗan ganewa, amma da an ce in yi magana ko in rubuta mesej sai komai ya watse min, in rubuta in goge in rubuta in goge, ƙarshe dai in tura da Hausa. Dan Allah daga ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, amin. Saƙonki ya taɓa min zuciya wallahi, don wannan rubutawa da gogewar na sha ganinta a wurin ɗalibaina. Matsalarki ba ƙarancin kalmomi ba ne, abin da ke faruwa shi ne kina ɗauko doguwar maganar da ke ranki da Hausa, mai ɗauke da "saboda" da "amma" da "duk da cewa", sai ki ce a lokaci ɗaya za ki juye ta, to dole ta watse miki. Ki sassare ta ƙanana, jimla mai kalma uku ko huɗu ma jimla ce cikakkiya.

Kuma mu Hausawa mun yi sa'a a nan, ginshiƙin jimlarmu da ta Turanci iri ɗaya ne. Mai yin aiki a farko, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa, abin da malaman nahawu ke kira aikau da aikatau da karɓau. Duba: yaron ya buɗe ƙofa. The boy opened the door. Kin ga kowa yana wurinsa, ba a juya komai ba. Ba kowane harshe ne haka ba fa, Japananci da Turkanci a ƙarshe suke ajiye aikatau, Larabci kuma sau da yawa da shi yake farawa, masu waɗannan harsunan sai sun sake tsarin tunaninsu kafin su iya, ke kuwa da tsarinki kika zo.

Inda Hausa ke jan mu baya wurare ne kaɗan, kuma in kin gane su kin huta. Na farko wannan ɗan "ya" ko "ta" da muke sakawa bayan suna. Mu ba ma cewa "yaron buɗe ƙofa", dole sai da "ya", shi ya sa hannu ke zuwa ya rubuta The boy he opened the door. Na tuna wata ɗalibata da ta rubuta My sister she is a nurse a allo, na ce ta sa tafin hannunta ta rufe she ɗin ta karanta abin da ya rage, ta karanta a hankali, ta sake karantawa, sai ta ɗago ta ce "au, ashe ba ya buƙata", daga ranar ban ƙara ganin wannan kuskuren a littafinta ba. A Turanci ko dai sunan ko wakilinsa, ba a haɗa su. My sister is a nurse, ko kuma She is a nurse.

Dalilin ma yana da kyau ki san shi. A Hausa wannan ɗan kalmar ce ke ɗauke da lokaci, ya buɗe, zai buɗe, yakan buɗe, shi aikatau ɗin yana nan yadda yake. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin ake ganin lokaci, open ya koma opened in aikin ya wuce, sai dai in bai zo ba tukuna will ake sakawa kafinsa, will open.

Na biyu su am, is, are, waɗanda masu koyo suka fi yarwa. Mu muna cewa "ni ɗaliba ce", ce ɗin a ƙarshe, su kuma a tsakiya suke saka tasu: I am a student. Na gaji, I am tired, ba I tired ba. Ɗakin babba ne, The room is big. Jimlar Turanci ba ta tsayuwa babu aikatau, duk sanda kika rubuta jimla ki neme shi da ido, in babu to yawanci ɗaya cikin ukun nan ne ya faɗi. Am ta I ce kaɗai, is ta mutum ɗaya ko abu ɗaya, are ta you da we da they. Sai "ina da", kar ki ce I am with a phone, cewa ake I have a phone.

Abin da nake so ki yi daga yau, ki samu ƙaramin littafi, kullum jimla 5 kan abin da kika yi da kanki. I woke up. I washed my face. I called my mother. Ki karanta su da ƙarfi kunnenki ya ji, washegari ki ɗauki ɗaya ki riƙa canza kalma ɗaya a ciki, I called my friend, She called my friend. Sai sun zauna miki daram sannan ki fara ɗaura biyu da and ko but ko because. Mesej ɗin nan kuma na gaba in kin rubuta kar ki goge, ki tura shi ko da kuskure.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni ɗan sakandare ne, abin da ke rikita ni shi ne wani lokaci a ce go wani lokaci goes, kuma na rubuta I did not went malaminmu ya ja min jan biro, alhali shi ya ce mana went ne na abin da ya wuce.

AMSA: Ɗana, malaminku ya yi daidai, kai ma tunaninka ba banza ba ne, ka lura da doka ne ka bi ta. Abin da ya rage ka sani shi ne alamar lokaci sau ɗaya ake saka ta. Did ya riga ya nuna abin ya wuce, to aikatau ɗin da ke binsa sai ya koma asalinsa. I went, amma I did not go. She saw me, amma She did not see me. Haka in tambaya za ka yi, Did you go? ba Did you went ba. Mu a Hausa muryarmu kawai muke ɗagawa, "ka tafi" ta zama "ka tafi?", su kuma sai sun jawo do ko does ko did gaba, ko su juya You are ready ta koma Are you ready?

Shi kuma s ɗin goes, na abin da aka saba yi ne, kuma he, she, it kaɗai ke ɗaukarsa, ko sunan mutum ɗaya ko abu ɗaya. I go, you go, they go, amma he goes. Da does ya shigo sai ya karɓe s ɗin, He does not go. Irin su went da saw da came da wrote kam babu dabara, ba sa bin dokar ed, haddace su ake yi, ka riƙa ɗaukar uku uku kana saka kowanne cikin jimla, ya fi ka zauna kana rera jerin su.

TAMBAYA: Malama, ni dattijo ne, shekaruna sun ja amma ina so in iya. Yaushe ake cewa "a", yaushe kuma ake cewa "the"?

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya, wallahi kun burge ni. Ku duba bambancin "na ga mota" da "na ga motar". Ta farko kowace mota ce, ba a san ta ba, I saw a car. Ta biyu wadda ni da ku muka sani ce, I saw the car. Wannan n ko r da muke liƙawa a ƙarshen suna kusan aikin the yake yi, ba a ko'ina suke dacewa ba amma don farawa ya ishe ku. Ita "a" tana komawa "an" in kalmar da ke gaba ta fara da sautin wasali, an umbrella, an hour, sauti ake bi ba harafi ba.

Ƙari ɗaya Baba tunda mun ambaci mota, mu muna ce mata "ta", littafi kuma "ya", amma a Turanci abin da ba mutum ba it ake ce masa, It is new. Har "ana ruwa" sai an sako shi, It is raining. Ku gwada rubuta jimla 5 da it ku turo min, in sha Allahu zan duba muku su a fitowa ta gaba.