Amsa: Za a iya ƙanƙantar da mutum ya koma kamar tururuwa?

Malam, ka yi tambaya ko za a iya ƙera na'urar nan ta fina-finai mai mayar da mutum kamar tururuwa. A ganina ba za ta yiwu ba, domin jikin mutum da ƙwayoyin zarra (atom) ya ginu, girman ƙwayar zarra kuwa nauyin ilektron (wani ɗan ƙanƙanin ɓangarenta mai cajin lantarki) da cajinsa ne suka ƙayyade shi, kuma babu matsin da zai rage shi ya bar mutum da rai.

Ko da an matse ƙwayoyin, nauyi yana nan daram, don haka mutum mai kilo 70 da ya koma kamar ƙwayar gero zai nutse cikin ƙasa kamar ƙusa. Idan kuma ɗebe wasu za a yi, daga ina? Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, da su mutum yake tunani, da su yake gane fuskar mahaifiyarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗumin jiki, domin ƙaramin jiki yana saurin hucewa kamar shayi a cokali. Akwai wata 'yar jaɓa a kudancin Turai mai nauyin giram 2, wadda sai ta ci abincin da ya fi nauyinta kullum, zuciyarta tana bugawa har sau 1,500 a minti, sannan take iya rayuwa.